Tsakanin 2CV da 'yar ƙaramar da aka ce maka Isetta ce

Salamu alaikum. Malam, ɗauki motar Citroën 2CV ɗin, ka bar wa dillali 'yar ƙaramarsa. Na faɗa tun a farko ne saboda ko kana sauri. Amma tunda ka sa hotunan motocin biyu a zauren nan, ka ce gida ɗaya suke a Garwa, kuɗin da ke hannunka kuma na guda ɗaya ne, bari in ba ka dalili, don duka irin biyun na taɓa zuba musu kuɗina. Ɗaya tana ƙofar gidana yanzu haka, ranar Lahadi ma da ita na ci kasuwar Pitowa. Ɗayar tana bayan ɗaki, kajin uwargida suna ƙwai a ciki.

A fara gyara suna tukuna. Wadda dillali ya ce maka BMW Isetta ce, ba ita ba ce. Isetta ƙofa ɗaya gare ta, a goshi, gaban motar gaba ɗaya ne ke buɗewa kamar firiji, sitiyari ma da ƙofar yake tafiya. Kamfanin Iso na Italiya ya fito da ita a 1953, BMW ya karɓi izini ya yi tasa daga 1955 zuwa 1962. Ta hotonka kuwa ƙofa biyu ce a gefe, maƙalinsu yana baya, ga rufin tamfol da ake naɗewa. Vespa 400 ce. Piaggio masu Basfa ne suka tsara ta, amma a Faransa aka ƙera, a masana'antar ACMA da ke Fourchambault, daga 1957 zuwa 1961, kusan guda 30,000. In kana son ka tabbatar, je ka ja farantin da ke tsakiyar hancinta: aljihun tebur ne, zai zaro, a nan batir yake zama. Ka ɗaga kujerar mai zaman banza, gurbin safaya yana ƙarƙashi. In dillalin bai san haka ba, bai san hajarsa ba. In kuwa ya sani, to ka san da wa kake ciniki.

Ita 2CV ba ta ɓuya, sai dai shekarunta ne ake yi wa ƙari. Mota ce da Citroën ya yi shekara 42 yana yi, daga 1948 har 1990, in an haɗa da masu akwatin kaya sun wuce miliyan 5, don haka "tsohuwar 2CV" ba magana ba ce sai an ce wacce. Mai bonet mai ƙananan kwari-kwari kamar kwanon rufi, ta kafin ƙarshen 1960 ce. Mai ƙofar gaba da ke buɗewa a baibai, ta kafin ƙarshen 1964 ce. Taka fitilunta masu kusurwa huɗu ne, wannan kuwa sai daga 1974 aka fara. Saboda haka zancen "tun zamanin Turawan mulki take nan" ka ajiye shi gefe, Kamaru ta yi shekara 14 da samun 'yanci kafin a ƙera fitilar nan. Kada hakan ya sa ka ji ta rage daraja, alheri ne gare ka: batir mai volt 12 gare ta maimakon 6 na tsofaffin, injinta kuma ya fi ƙarfi. Buɗe bonet ka nemi ƙaramin farantin kamfani a jikin bangon da ya raba inji da direba. In ka ga AZ da KA, 2CV6 ce mai cc 602. In KB ne, 2CV4 ce mai cc 435, tana tafiya amma da haƙuri. Sunan nan na 2CV, wato dawaki biyu, lissafin harajin Faransa ne kawai, mai 602 tana da ƙarfin doki wajen 29.

Tawa KA ce. A wani gida na same ta wajen Gidar, ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun nutse a ƙasa, awaki sun mai da ita rumfa. Gara ta cinye kujeru, rana ta cinye tamfol, ɓeraye sun yi rabon wayoyi. Duk wanda na nuna wa hoton sai ya ce Allah ya ba ni lafiya. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani tsohon makaniki a nan Garwa wanda a kan irin motocin nan ya koyi aiki, lokacin da fada-fadan mishan da ma'aikatan auduga ke yawo da su. Idonsa ya yi rauni, yaransa ne ke riƙe sifana, shi yana kan benci da carbinsa. Da aka jawo ta gareji bai ko tashi ba. Ya ce a cire fulogi biyun a ɗura ɗan baƙin mai a bar ta kwana uku. Ran na huɗu ya sa aka zura hannun tayarwa ta hanci, yaro ya murɗa, inji ya juya. Sai ya ce, "Alhaji, wannan ai keken ɗinki ne aka sa wa taya, keken ɗinki kuwa ba ya mutuwa." Wata bakwai muka yi. Mafi yawan watannin jiran kaya ne da jiran aljihuna ya farfaɗo, aikin kansa bai kai haka ba.

Abin da ya sa na ce maka ita: silinda biyu ne kwance suna duban juna, iska ke sanyaya su. Babu lagireto, babu famfon ruwa, babu tiyon da zai fashe maka a watan Afrilu lokacin da zafin Garwa ke wuce 40. Babu distiributa ma, kwantak ɗin yana bayan fanka, kwayil ɗaya ke ba fulogi biyun wuta lokaci guda. Baƙin man da take sha bai kai lita 3 ba. Tazarar bawul milimita 0.20, ta kwantak 0.40, ka rubuta a bangon gareji ka huta. Injin nan kuma shi ne a wasu motocin Citroën, Dyane, da Ami, da Méhari, da Acadiane, wato duk gawar ɗaya daga cikinsu da ka gani a bayan wani gareji tsakanin Ngaundare da Kusuri, rumbun kayan gyaranka ne. Abin da babu a nan, har yau ana ƙera sabonsa a Faransa, tun daga robar ƙofa har shasi sukutum. Ƙananan kaya ɗan'uwa mai dawowa ya sako maka a jaka, manya su biyo ta Duwala, jirgin ƙasa ya kawo Ngaundare, motar haya ta ƙaraso. Akwai jira, akwai kuɗin duwan, wato kwastan, amma kayan suna nan.

Tafiyar da ta sa na san kwalliya ta biya kuɗin sabulu, da damina ce. Na je ɗauko Inna daga ƙauye, hanyar jar ƙasa ce wadda ruwa ya yi wa kaca-kaca. Inna ta fito ta kewaya motar sau biyu, ta ce ita ba ta shiga gwangwanin madara. Da ƙyar ta yarda, ta rungume ƙwaryar ƙwan zabi a cinya tana salati tun kafin in tayar. An ce shugaban Citroën na lokacin, Pierre Boulanger, cewa ya yi a yi masa motar da manomi zai ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. Ni dai na ga abin da idona. Sifirin ɗinta a kwance suke cikin wasu bututu a gefen shasi, suna haɗa tayar gaba da ta baya, in ta gaba ta hau tudu ta baya ta riga ta samu labari. Motar sai ta riƙa lilo kamar kwalekwale a Binuwai, a kwana ta kwanta har ka ce ta tafi, amma taya ba ta barin ƙasa. Ƙwai bai fashe ba. Kada dai in cika baki, ƙwan zabo ko a bayan jaki ba ya fashewa da wuri. Abin da ya fi ƙwan shi ne kafin mu fito kwalta Inna ta yi barci. A wani mayo, wato rafi, muka kafe cikin rairayi, samari huɗu da ke wankin babura suka kama ta suka cicciɓa, don nauyinta duka bai kai kilo 600 ba. Wata jibgegiyar mota mai taya huɗu na ja tana gefe suna jiran tarakta. Tun ranar in zan je ɗauko ta sai ta aiko a ce in zo da gwangwanin. Ba kuma yau motar ta fara shiga ƙasa irin tamu ba, a 1973 guda 60 suka tashi daga Abijan suka ratsa Tenere ta Nijar har Tunis.

Ba zan ɓoye maka laifinta ba. Bayan fanka akwai ƙaramin abin sanyaya baƙin mai, mai raga-raga. Da hunturu ƙura na haɗuwa da maiƙo ta toshe shi kamar an yaɓa laka. Ban sani ba sai da na ji ƙauri wajen Figil a hanyar Marwa, na tsaya na yi awa biyu ƙarƙashin bishiya ina jiran inji ya huce. Allah ya rufa asiri fistin bai kama ba. Yanzu duk ƙarshen hunturu sai an cire fanka an wanke shi da fetur, kuma ka tanadi doguwar soket siririya mai lamba 14, ita ke shiga wurin. Manyan bututun kwali da ke ɗauke iska mai zafi daga inji, in sun ruɓe suna faɗawa kan salansa su kama wuta, ka sake su tun ranar farko. Giris a ƙusoshin juyawar tayoyin gaba kamar cin abinci ne, ba a tsallakewa. Sai man birki, nan ne yaran gareji ke kashe mutane da kirki. Daga 1981 aka sa wa 2CV6 birkin faifai a gaba, masu shi koren mai suke sha da ake kira LHM. Masu birkin ganga na kafin nan man birki na kowa da kowa suke sha. In aka zuba na wannan a wancan, robobin birki duka sun tashi aiki. Leƙa gefen giyabos, can birkin gaba yake ba a cikin taya ba, ka ga faifai ne ko ganga, sannan ka rubuta a jikin murfin da fenti. Zuwa-zuwa kuma, wato fetur ɗin 'yan bumburutu, tana sha ba ta ƙorafi, amma ka tace da ƙyalle, ka ƙara matatar fetur ta roba kafin kafireta.

Wurin da za ka duƙa ka duba da kyau kafin ka ba da ko dala shi ne shasi, dab da bayan tayoyin gaba. Nan yake karyewa. Alamarsa sitiyari ya yi tauri, faranti masu kusurwa uku da ke gefen bonet su ƙi zama daidai. A nan arewa rana ce ta fi cin mota, tsatsa ba ta da ƙarfi sai in ruwa ya kwanta a daɓen ko fitsarin awaki ya jiƙa shi shekara da shekaru. Amma ka tambayi inda ta yi ƙuruciyarta. Wadda ta zauna Duwala, da ciwonta take zuwa. Ko da shasin ya ruɓe ba ƙarshen zance ba ne, jikin a ɗaure yake da kusoshi, a kwance, mutum huɗu su ɗaga su ajiye gefe. Sai dai a rage kuɗinsa daga farashi.

To, Vespa 400. Kyau dai tana da kyau, ba zan hana ta wannan ba.

Tawa daga Kusuri na ɗauko ta, an ce daga Injamena ta ƙetaro. Kyan ɗan maciji. Injinta yana baya, silinda biyu, cc 393, irin mai cin fetur haɗe da mai kamar tsohuwar Basfa da ƙaramin janareto, kashi 2 cikin 100, wato mililita 100 a duk lita 5. Irin injin nan in ya daɗe a ajiye robobin da ke toshe ƙaransaf suna bushewa, ya riƙa jan iska ta inda bai kamata ba, ya yi zafi ya kama. Nawa a kame na saye shi. Mai sayarwa ya rantse mini kayan Basfa babur suna shiga. Ba sa shiga, suna kawai suka haɗa. Tayarta inci 10 ce, ta 2CV inci 15, ka auna da ramukan hanyar Mora ka gani. Tsawonta duka mita 2.85, mutum biyu take ɗauka, bayan kuwa sai yara ko buhun albasa rabi. Jikinta da shasinta abu ɗaya ne, in daɓen ya ruɓe babu abin da za ka kwance ka sake, sai mai walda ya zauna yana ƙirƙira. Gilashin gaban tawa ya tsage a hanyar kawowa, shekara huɗu ke nan ina cigiya. Tsohon makanikin nan ya shafa ta da hannu daga hanci zuwa wutsiya ya ce shi bai taɓa buɗe irinta ba, ba kuma da tsufansa zai fara ba. Wani ya ba ni shawara in dasa mata injin keke mai ƙafa uku. Za ta tafi, amma abin da ya sa ake nemanta ya tafi shi ma. Masu tara tsofaffin motoci a Turai suna son ta, wannan gaskiya ne. Suna Turai.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, don dillalin da ya mai da Vespa BMW ba a nan zai tsaya ba. Kada ka tura kafin alƙalami ta waya a kan hoto, sayen kifi a ruwa ke nan. In ya nuna maka farashin gwanjon Faransa ko Jamus a wayarsa, ka ce masa waccan tana da fenti, da takardu, tana kuma tashi. Je ka da sassafe ba tare da ka sanar ba, ka dafa inji da tafin hannu, in da ɗumi an riga an lallashe shi kafin ka zo. Tafi da maganaɗisun tsohuwar lasifika ka bi gindin ƙofofi da shi, inda ya ƙi kamawa ba ƙarfe ba ne, cikon masti ne aka shafe da fenti. Shasin da ka ga an yi wa sabon baƙin kwalta yana sheƙi alhali sauran motar ƙura ce, soka masa sukudireba. Lambar da ke farantin kamfani, da wadda aka buga a jikin shasi, da wadda ke kat-giriz, wato takardar rajistar mota, dole su zama ɗaya, kuma ka dubi ƙusoshin farantin, in sababbi ne fil a jikin motar da ta haura shekara 40, wani ya taɓa shi. Akwai kuma masu ɗora safaya a kan bonet su ce maka Sahara ce. 2CV Sahara ta gaske inji biyu gare ta, ɗaya gaba ɗaya baya, makulli biyu, tanki biyu ƙarƙashin kujerun gaba, waɗanda aka ƙera duka ba su kai 700 ba. Buɗe but, in ba inji a ciki, ka yi masa sallama.

Babbar rigima ma ba ta ƙarfe ba ce. Motar da ta yi shekara 20 a tsakar gida galibi mai ita ya rasu, ta zama gado. Ɗa ɗaya ya kira dillali ya sayar, ka kashe kuɗi ka tayar, ranar da ta fara sheƙi a titi sai ga sauran magada da sammaci. Na ga an yi wa wani haka, motar tana can a ajiye har yau, shi kuma ya bar fenti da sababbin tayoyi sadaka. Ka nemi babban gidan, a tara magada, a rubuta takarda gaban mai unguwa da shaidu, kowa ya sa hannu. In babu kat-giriz, ka fara zuwa ofishin sufuri ka ji yadda za a yi tun kafin ciniki, in ba haka ba za ka gyara motar da iyakacinta ƙofar gida, shingen jandarma na farko ya karɓe ta. Ni dai jandarma sau ɗaya suka taɓa tsare ni da tawa fiye da minti biyar, shi ma batir ne ya mutu a gabansu, na fito na zura hannu na murɗa ta tashi, babbansu ya ce sai na kashe na sake ya ɗauka a waya.

In dillalin ya ce sai dai ka haɗa biyun, ka taya 2CV kaɗai ka tafi gida, zai kira ka, don ba layi ake yi a kansu ba. Ka ɗauko hoton farantin nan na ƙarƙashin bonet da na ƙasan motar ta bayan tayar gaba, ka sa a nan in duba maka kafin ka biya. In kuma duk da haka zuciyarka ta kafe a kan Vespa, kada ka wahalar da kanka da la'ada, zo ka ɗauki tawa yadda na saya. Sai dai ka fara shawo kan uwargida, akwai kaza guda da ke kwanci a kujerar direba, saura kwana tara ta ƙyanƙyashe.